Amsar tambayarka a kan injin babur da turbo a motar haɗi

Yarona, jiya bayan la'asar muna wanke hannu ka yi mini tambaya biyu a haɗe: wane injin babur ne ya dace ka ɗora a kan ƙaramar motar haɗi irin wadda kake son ƙerawa, kuma ko za ka iya sa masa turbo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska don ƙara masa ƙarfi, tun daga farko. Na ce ka dakata sai na zauna, domin ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce, kuma na lura hankalinka ya fi karkata ga turbo ɗin, alhali shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ka taɓa.

Wannan sana'a asalinta Ingila ne. A 1957 Colin Chapman ya fito da Lotus Seven, mota mai kujera biyu wadda ba ta da komai sai firam na bututun ƙarfe, inji da tayoyi, ana kuma sayar da ita a wargaje mutum ya haɗa abarsa a gida. Kamfanin Caterham ya sayi haƙƙin ƙera ta a 1973, daga baya irin su Westfield suka shigo da nasu samfurin. Abin da ya ja masu haɗa irin waɗannan motoci zuwa injin babur shi ne nauyi. Injin babban babur tare da giyarsa a jiki ɗaya bai kai kilo 100 ba, yayin da tsohon injin Ford Pinto da giyarsa ya doshi ninki biyu na haka, saboda haka motar da aka haɗa da kyau tana iya tsayawa a kan kilo 450 zuwa 500, ga giya shida da ake bugawa a jere ba tare da laluben gurbi ba.

Game da zaɓi, ra'ayina a bayyane yake: ka nemi inji mai babban ciki. Yamaha R1 ta 1998 mai cc 998 da Honda Fireblade injuna ne masu kyau marasa nauyi, amma ƙarfinsu yana can sama ne, sai sun yi ihu sosai kafin su ja, kuma ka tuna an ƙera su ne don jan babur mai kimanin kilo 200, kai kuwa za ka ɗora musu fiye da ninki biyu. Suzuki Hayabusa ta farko, wadda ta fito a 1999 da cc 1299 da ƙarfin doki wajen 175, ita ce na fi amincewa da ita, domin tana ja tun daga ƙasa, cikinta yana da ƙwari, matsin silindarta kuma, wato yawan yadda fistin ke matse iska da fetur, 11 ne bisa 1. Wadda ta biyo ta a 2008 mai cc 1340 ta fi ƙarfi, sai dai matsinta ya kai 12.5 bisa 1, wanda ya sa ba ta karɓar turbo cikin sauƙi sai an buɗe ta an yi aiki. Ba banza ba kamfanin Radical na garin Peterborough ya daɗe yana gina motocin tserensa a kan wannan inji. Idan ba ka same ta ba, Kawasaki ZZR1400 ko Honda Blackbird mai cc 1137 ba abin rainawa ba ne. Ko wanne ka samu, ka saya da wayoyinsa, da kwamfutarsa, da makullinsa, da agogon gabansa gaba ɗaya, ka auna matsin kowace silinda, ka kuma gwada giya ta biyu, domin ita ce ke fara zamewa a babur ɗin da ya sha wahala.

Yanzu ga wurin da nake so ka buɗe kunnenka sosai, wato baƙin mai. Babur idan ya shiga kwana kwantawa yake yi, shi ya sa man da ke cikin kwanon ƙasa yake zama daram a kan bakin bututun da famfo ke zuƙa. Mota ba ta kwantawa. Da zarar ka shiga doguwar kwana da gudu, sai man ya tattaru gefe guda ya haye bangon inji, famfo ya zuƙi iska, kuma a juyi 10,000 cikin minti ɗaya, daƙiƙa biyu ko uku ba tare da mai ba sun isa su cinye metal ɗin kwanarod, wato siririn ƙarfen da ke tsakanin sandar fistin da karanshaf. Na taɓa buɗe irin wannan inji da wani ya kawo mini bayan ya zagaya shataletale da gudu sau biyu kacal. Da na juye man a faranti na kai shi rana, sai ga shi yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla, metal ɗin silinda ta uku kuwa ya narke ya manne da karanshaf, wurin ya yi shuɗi saboda zafi. Mai motar ya rantse mini cewa fitilar mai ba ta kama ba, kuma na yarda da shi, domin wannan fitila ba ta kamawa sai matsi ya faɗi ƙasa warwas, lokacin aikin gama ya gama. Mafi ƙarancin magani shi ne a sa farantin da ke tare mai a cikin kwanon, a kuma ɗaura gejin matsin mai na gaskiya a gaban direba. Idan kuwa da niyyar turbo ko filin tsere kake, to ka yi tsarin da ake ajiye mai a tanki na daban, famfo na musamman yana kwashe shi daga ƙasan inji yana mayarwa. Yana da tsada, amma bai kai kuɗin inji na biyu ba.

Sai maganar isar da ƙarfi zuwa taya. Za ka cire haƙorin sarƙa ka ɗaura mahaɗin da zai riƙe furofela, wato sandar da ke kai juyi zuwa aksul na baya, kuma ka nemi furofela mai roba a cikinta, domin a babur akwai robobi a cikin tayar baya da ke shanye fizga, idan babu madadinsu haƙoran giya ne za su sha dukan. Babur ba shi da ribas, saboda haka ko ka sa ƙaramin akwatin ribas a tsakiyar furofela, ko ka yi amfani da sitata ta lantarki da za ta riƙa tura motar baya. Lissafin aksul na baya ma yana da muhimmanci. A Hayabusa akwai ragin juyi na farko na 1.596 kafin giya, giya ta shida kuma 1.043 ce, idan ka haɗa da aksul ɗin Ford Sierra mai ragin 3.92 da ƙananan tayoyi masu inci 13, injin zai riƙa juyi kusan 6,000 a minti a gudun kilomita 100 a awa, amma da mai 3.38 zai sauko wajen 5,200. Sifirin ɗin kuloci kuma ka canza su da masu tauri tun yanzu.

Idan ka gama duk wannan, ka tuƙa motar yadda take na wasu watanni, har ka san zafinta da matsin manta da halin birkinta. Doki 175 a kan rabin tan ya riga ya fi ƙarfin yawancin direbobi.

To, turbo. Aikinsa shi ne hayaƙin salansa ya juya fanka, ita kuma ta cusa wa inji iska fiye da yadda zai shaƙa da kansa. Matsin iska na rabin bar, wato kimanin fam 7 a kan kowane murabba'in inci, yana nufin ƙarin kusan rabin iskar da yake samu, kuma a Hayabusa ta farko wannan yana iya kai ka wajen doki 240 zuwa 250 ba tare da an taɓa fistin ba. Nan nake so ka tsaya. Idan ka ce sai ka wuce haka, dole a rage matsin silinda zuwa wajen 9 bisa 1, ko da fistin na musamman ko da farantin da ake sawa ƙarƙashin bulok, wanda shi kuma zai tilasta maka sake saita tayimin, sannan a ƙara tazarar bakin ringi domin zafi yana sa ringin ya kumbura tazarar ta rufe. Kada ka ɗauko turbon babbar mota don ka gan shi da arha. Mai matsakaicin girma irin Garrett GT28 ya fi dacewa, saboda babba ba ya farkawa sai can sama, ya zo maka da ƙarfi gaba ɗaya a tsakiyar kwana, mota mara nauyi kuwa nan take bayanta zai juya.

Abin da ke kashe injin turbo shi ne ƙarancin fetur da yawan zafi. Iska ta ƙaru, dole fetur ya ƙaru, saboda haka kana bukatar manyan nozul, da famfon fetur mai ƙarfi, da kwamfutar da za a iya saita ta, wadda za ta ja wutar fulogi baya idan matsi ya hau. A lokacin da turbo ke aiki, awon iska da fetur ya kamata ya zauna wajen 11.5 zuwa 12 bisa 1, kuma ba a gane wannan da kunne ko da launin fulogi, sai da na'urar auna hayaƙi a jikin salansa. Idan fetur ya gaza, ko iskar ta yi zafi da yawa, sai fetur ɗin ya riƙa fashewa da kansa ba bisa ƙa'ida ba, ka ji ƙara kamar ana watsa tsakuwa a kwano, kafin ka ɗaga ƙafa gefen fistin ya ɓare. A nan ne lissafin Turawa ba zai yi maka daidai ba: su suna saita injinsu da fetur mai lamba 97 ko 99 a ƙasa mai sanyi, kai kuwa za ka tuƙa taka a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, da fetur ɗin da bai kai nasu ba. Don haka lagireton sanyaya iska wajibi ne a gare ka, haka ma na sanyaya baƙin mai, kuma na ruwa ya zama ya fi na babur girma.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ake yawan mantawa. Turbo yakan zauna ƙasa a jikin irin wannan inji, man da ya shiga cikinsa ba ya iya gangarowa da kansa, sai an sa ƙaramin famfo mai janye shi, in ba haka ba za ka ga farin hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ka ɗauka ringi ne. Sannan akwatin iskar da ke kan maƙogwaron inji ka ɗaure shi da ƙarfe, domin matsi yana tumɓuke shi daga robobinsa.

Gobe da safe ka zo da gejin auna matsi da sabon fulogi huɗu, mu je mu duba injin nan da ka ce an yi maka tayinsa, kuma kada ka ba da ko sisi sai mun kwance matatar mai mun yanka ta mun ga abin da ke cikinta.