Tambayoyin Masu Karatu: Wane Jirgi Na Hannu Ya Dace Da Aikin Daji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matuƙin jirgin sama ne, kuma ƙungiyar da nake yi wa aiki tana neman ƙaramin jirgi na hannu mai inji ɗaya, domin kai magunguna da ma'aikatan lafiya ƙauyukan da mota ba ta iya shiga. Filayen da za mu riƙa sauka gajeru ne, kuma babu kwalta. An nuna mana jirage biyu. Na farko Cessna 185 ne mai sabon fenti, injinsa bai yi aiki da yawa ba tun da aka yi masa garambawul, sai dai ya shekara shida a ajiye, kuma kuɗinsa da sauƙi. Na biyu Cessna 206 ne da ke tashi kowane mako, fentinsa ya koɗe, injinsa ya kusa cika wa'adinsa, kuma ya fi tsada. Wanne za mu ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya taimaka a kan wannan aiki na alheri. Bisa abin da ka bayyana, hankalina ya fi kwanciya da jirgi na biyu, amma da sharuɗɗan da zan kawo.

Babban dalilina shi ne injin. Mutane da yawa suna ɗauka cewa injin da bai yi aiki da yawa ba tamkar sabo yake, alhali zama wuri ɗaya ya fi aiki yi wa injin jirgi illa. Idan ya daɗe bai tashi ba, baƙin mai yana tsiyayewa daga jikin ƙarafan ciki, danshi ya samu wurin zama, tsatsa ta kama bangon silinda da sauran sassan da ke gogar juna, kuma ɓarnar ba ta cika bayyana ba sai bayan sabon mai jirgin ya fara aiki da shi. Shi ya sa kamfanonin Continental da Lycoming, waɗanda ke ƙera yawancin injinan irin waɗannan jirage, suka sa wa garambawul wa'adi iri biyu, na sa'o'in tashi da na shekaru. Injin IO-520 da ke cikin yawancin 185 da tsofaffin 206 ana ba shi kimanin sa'o'i 1,700, ko kuwa shekara 12, duk wanda ya riga cika. Saboda haka ka binciki shekarar da aka yi wa injin 185 ɗin garambawul, domin mai yiwuwa wa'adinsa na shekaru ya wuce ko da sa'o'insa kaɗan ne. Shi kuwa injin 206, matsalarsa a fili take: an san zai buƙaci garambawul nan kusa, ana iya tambayar kuɗin aikin, a kuma nemi a rage shi daga farashi. Araha ba ta ado, musamman idan ba a san abin da ta ɓoye ba.

Ba ina nufin 185 jirgi ne na yarwa ba. An ƙera shi daga 1961 zuwa 1985, kuma har yau matuƙan Alaska da arewacin Kanada suna ji da shi, domin ƙaramar tayarsa tana can a wutsiya, abin da ke ɗaga hancinsa sama ya nisanta farfela daga duwatsu da ciyawa. Amma wannan tsari yana buƙatar ƙwararren hannu. Idan iska ta bugo daga gefe a lokacin sauka, jirgin na iya juyawa a ƙasa ya karya ƙafa ko ya kartar da fiffike, kuma kamfanonin inshora kan tambayi sa'o'in da matuƙi ya yi a irin wannan jirgi kafin su amince. Ba ka faɗa mini ko kana da wannan gogewa ba. Sabon fenti a jikin tsohon jirgin daji kuwa dalili ne na ƙara bincike, domin yana iya rufe tsatsa ko gyaran da aka yi bayan haɗari.

Ga aikin jinya, 206 yana da wata fa'ida da ta fi sauran muhimmanci a wurina. Samfurin da aka yi don dakon kaya yana da ƙofa mai ganye biyu a baya ta gefen dama, wadda za a iya shigar da mara lafiya a kwance ba tare da an wahalar da shi ba. Bayan an dakatar na wasu shekaru, an koma ƙera shi daga 1998, don haka kayan gyaransa ba su da wuyar samu. Rauninsa yana ƙafar gaba: a duba wurin da ta haɗu da bangon da ke raba inji da ɗakin matuƙi, domin sauka mai ƙarfi kan bar lanƙwasa a nan.

Sharaɗi na farko shi ne takardu. Kowane jirgi yana da littattafan tarihin gangar jiki da na inji da na farfela, kuma dole a same su cikakku, ba tare da shekarun da suka ɓata a tsakani ba. A ciki za a ga ko an cika umarnin gyara na dole da hukumomin sufurin jiragen sama ke fitarwa, da kuma ko farfela ta taɓa dukan ƙasa, domin idan ta taɓa, ya kamata a ce an kwance injin an duba cikinsa. A tabbatar kuma babu bashin da ke kan jirgin, sannan idan daga wata ƙasa za a shigo da shi, a tuntuɓi hukumar ƙasarku tun kafin ciniki.

Sharaɗi na biyu shi ne ku ɗauko injiniyanku mai lasisi wanda ya san wannan samfuri, ba wanda ya saba yi wa mai sayarwa aiki ba. Ya auna matsin kowace silinda, ya leƙa cikinta da ƙaramar kyamara, ya yanka matatar mai ya duba ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, ya buɗe murafen fukafukai da wutsiya da ƙarƙashin dabe. A kuma sake auna nauyin jirgin, domin tsofaffin jirage kan ƙara nauyi saboda ƙare-ƙaren da aka yi musu, kuma duk kilon da ya ƙaru daga rabon magani ake cire shi.

Kafin duk wannan, ka je ka auna filin da ya fi gajarta a cikin waɗanda za ku yi amfani da su, ka san tsayinsa daga doron teku da zafin da ake yi a wurin da rana tsaka. Zafi da tudu suna rage kaurin iska, inji ya rage ƙarfi, gudun da jirgi zai yi kafin ya ɗaga ya ƙaru. Alƙaluman littafin jirgi an samo su ne da sabon jirgi a hannun matuƙin gwaji, shi ya sa matuƙa masu taka-tsantsan kan ƙara rabi a kansu. Ka kuma tabbatar da inda za ku riƙa samun mai, domin jiragen nan biyu fetur na musamman suke sha, wanda ake kira 100LL, kuma yana wuyar samu a wurare masu nisa. Idan babu shi a yankinku, sai ku duba jirgi irin Cessna Caravan mai shan kananzir ɗin jirgi, ko da yake ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma yana son fili mai ɗan tsawo.

Idan mai 206 ya yarda da binciken injiniyanku, a rubuta a yarjejeniya cewa kuɗin zai zauna a hannun amintaccen mai shiga tsakani har sai an gama bincike da tashin gwaji. Idan ya ƙi, ku haƙura da shi ku nemi wani.