Ɗana mai ɓarnar kuɗi ne, yaya zan tsare masa gida?

Alhaji, ka ce ɗanka ya haura talatin amma kuɗi ba sa kwana a hannunsa, kana tsoron ya sayar da gidan hayar da za ka bar masa. Wasiyya ba za ta yi maka ba, don ba a yi wa magaji wasiyya, kuma ba ta wuce sulusin dukiya. Ka duba wakafin iyali: gidan ba a sayarwa, ba a gadonsa, amintacce ne ke karɓar haya ya miƙa wa 'ya'yanka. A Malikiyya sai ka cire hannunka daga gidan tun kana da lafiya, in ba haka ba ya koma gado. Kada ka ware 'ya'ya mata. A rubuta gaban shaidu da lauya, domin rigima daga rashin rubutu take fara tashi.