Tambaya da Amsa: Wurare 14 a Kwana Biyu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya. Ni da maiɗakina za mu je Istanbul hutun ƙarshen mako, kuma wannan ne zuwanmu na farko. Za mu sauka daren Juma'a da ƙarfe tara, jirgin komawa zai tashi ƙarfe shida na yammacin Lahadi. Na rubuta wurare 14 da nake so mu gani, tun daga Ayasofiya da Fadar Topkapi har hasumiyar Galata, Fadar Dolmabahce, masallacin Camlica da tsibirin Buyukada. Babbar kasuwa kuwa na bar ta sai Lahadi don mu yi tsaraba. Ita ta ce wuraren sun yi yawa, ni kuma ina ganin tunda an kashe kuɗin jirgi gara a ga komai. Yaya za mu tsara, kuma tasi za mu riƙa hawa?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Maiɗakinka ta fi ka gaskiya, kuma lissafi ne zai nuna maka.

Daren Juma'a cire shi gaba ɗaya. Kafin a buga muku fasfo, ku ɗauki kaya, ku shigo gari, sha ɗaya ta wuce, don babban filin jirgin Istanbul yana da nisan kusan kilomita 40 daga tsohon gari. Ranar Lahadi kuma ana so ku isa filin jirgi awa uku kafin tashi, ga awa ɗaya da rabi ta hanya idan an yi la'akari da cunkoso, ke nan ƙarfe ɗaya da rabi kun bar cikin gari. Abin da ya rage muku shi ne wunin Asabar da hantsin Lahadi. Idan aka ware lokacin salla, cin abinci da ɗan miƙe ƙafa, da ƙyar ku tsira da awa 12. Raba awa 12 gida 14 ka gani. Ko awa ɗaya kowane wuri bai samu ba, kuma ba a sa tafiyar da ke tsakaninsu ba, ba a sa layin shiga ba. Fadar Topkapi kaɗai, idan za a shiga ɗakin da ake ajiye kayan amana masu tsarki a tsaya a duba a natse, tana cin awa uku. Tsibirin Buyukada kuwa zuwa kawai ya haura awa ɗaya a jirgin ruwa, ga dawowa. Taura biyu ma ba ta taunuwa, balle 14.

Amma abin da ya sa na ɗauko wasiƙarka a gaba shi ne maganar kasuwa. Babbar kasuwar nan mai rufi, wadda Turkawa ke kira Kapali Carshi, ba ta ci ranar Lahadi. Ni kaina na taɓa yin irin tsarinka. Na bar ta sai ranar ƙarshe, na sauka daga tiram, wato jirgin ƙasa mai bin titin cikin gari, a tashar Beyazit da jaka a hannu wadda na ware don tsaraba, na tarar da ƙatuwar ƙofar a garƙame. Wurin da aka ce mini shaguna kusan 4,000 ne a ciki, babu kowa sai tattabaru da wasu baƙi uku suna kallon ƙofa kamar yadda nake kallonta. Abin ya yi mini ciwo, domin tambaya ɗaya da na yi tun kafin in taso da ta wadatar. Tun daga ranar, kowane birni zan je, abin da nake fara rubutawa a gefen sunan kowane wuri shi ne ranar da yake rufe. Topkapi tana rufe Talata, Dolmabahce Litinin. A Faris gidan tarihi na Louvre Talata yake hutu, fadar Versailles kuma Litinin. Gidajen tarihin Fadar Fafaroma a Rum ba sa buɗewa Lahadi sai ta ƙarshen wata, ita ma cunkoson ranar sai wanda ya gani. A sake dubawa a shafin wurin na intanet ana saura kwana biyu ko uku a tashi, don gyara ko biki kan sauya jadawali.

Yanzu ga yadda zan yi da takardarka. Buɗe taswira a waya, ka sa alama a kan duk wuraren nan. Za ka ga wasu sun taru wuri guda kamar tumaki, wasu sun ware can nesa. Waɗanda suka taru su ne tafiyarku. Ayasofiya, masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida, Topkapi da tafkin ƙarƙashin ƙasa na Yerebatan mai ginshiƙai 336, duk a unguwa ɗaya suke, tsakanin kowane da ɗan'uwansa tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa. Don haka ku kama masauki a nan Sultanahmet ko kusa da layin tiram mai lamba T1, ko da ɗakin ya fi ƙanƙanta. Otal mai rahusa a bayan gari, a tafiyar kwana biyu, abin da aka rage a kuɗin ɗaki a hanya ake biyansa, a haɗa da awa biyu kullum.

Asabar ku yi sammako ku fara da Topkapi ana buɗe ƙofa, kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke jama'arsu. Daga nan Ayasofiya. Ginin nan an kammala shi a shekarar 537, ya yi kusan shekara 900 yana coci, ya zama masallaci a 1453, aka mai da shi gidan tarihi a shekarun 1930, sannan ya koma masallaci a 2020. Wanda ya san wannan kafin ya shiga, idan ya ɗaga kai ya ga ƙubba da manyan allunan da aka rubuta sunayen Allah da Manzo da halifofi, zai so ya zauna, kuma ina so ku samu lokacin zaman. Azahar a masallacin Sultan Ahmad, tsallaken fili kawai. Bayan kun ci abinci ku hau tiram tasha biyu zuwa babbar kasuwa, ku yi tsarabarku ranar Asabar ɗin. Daga kasuwa a taka zuwa masallacin Sulaimaniyya, aikin magini Sinan da aka gama a 1557. Akwai hawa, amma farfajiyar bayansa tana kallon ruwa, kuma a ganina babu inda ya fi ta daɗin zama a duk tsohon garin.

Daga nan ku gangaro bakin ruwa a Eminonu. A nan nake roƙonka alfarma ɗaya: kada ka cika yammacin da wani gini. Ku shiga jirgin fito na 'yan gari zuwa Kadikoy ko Uskudar, da katin nan Istanbulkart da kuka hau tiram da shi. Tafiyar wajen minti 20 ce, daga Turai zuwa Asiya. Ku zauna a bencin waje ta baya. Jirgin zai ja, tsuntsayen teku su biyo shi suna shawagi daf da kanku, ma'aikata masu komawa gida na zaune kowa da wayarsa ko kallon ruwan ba sa yi, ku kuwa hasumiyoyin da kuka wuni a ƙarƙashinsu za su jeru a bayanku rana na faɗuwa. Idan kun dace da magariba, kiran salla zai taso daga gaɓa biyu a lokaci ɗaya. Duk abin da na gani a garin nan, wannan ne ya fi zauna mini a rai.

Lahadi wuri ɗaya ya isa, biyu idan kun matsa. Ni zan zaɓi Eyup, inda kabarin sahabi Abu Ayyub al-Ansari yake. Tiram T5 daga Eminonu yana bin gaɓar ruwa har can. A dawowa a leƙa Kasuwar Masar ta kayan ƙamshi, ita tana buɗewa Lahadi. Ku bar jakunkuna a wurin masu otal da safe, ku dawo ku ɗauka. Buyukada, Camlica da Dolmabahce a bar su sai wani zuwan, in Allah ya kai mu.

Maganar tasi kuwa, a daren da kuka sauka da kaya da gajiya babu laifi, ko ku hau Havaist, bas ɗin filin jirgi. A cikin gari tiram da ƙafa sun fi ta sauri nesa ba kusa ba. Sai kuma ka duba tikitinku da kyau: Istanbul filin jirgi biyu gare ta, ɗaya a ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen kuma a ɓangaren Asiya. Akwai wanda ya sauka a ɗaya, ranar komawa ya nufi can, alhali jirginsa a ɗayan yake.

TAMBAYA: Malam, ina yini. Mu uku ne 'yan mata ɗalibai, muna so mu riƙa zuwa biranen Turai a ƙarshen mako. Katin nan da ake sayar wa baƙi, mai haɗe da kuɗin mota da na shiga wurare, yana da amfani? Kuma mun ga tikitin jirgi mai arha sosai zuwa Faris.

AMSA: Lafiya lau, 'yata. Bari in fara da tikitin. Duba sunan filin da zai sauke ku. Idan Beauvais ne, ki sani yana da nisan kusan kilomita 85 daga Faris, bas na yin fiye da awa ɗaya, kuma kuɗinsa daban ne, zuwa da dawowa. Haɗa wannan a kan kuɗin tikitin, ki haɗa da na jaka, sannan ki kwatanta da jirgin da ke sauka Charles de Gaulle, inda jirgin ƙasa na RER B ke shiga tsakiyar gari kai tsaye. Wani lokaci arhar na nan, wani lokaci ta gudu.

Katin baƙi kuma ba a saye da ka. Ki rubuta wuraren da za ku shiga da gaske, huɗu ne ko biyar, ki tara kuɗinsu, ki kwatanta. A Landan, misali, manyan gidajen tarihi irin su British Museum da National Gallery kyauta ake shiga, don haka katin ba lallai ya biya kansa ba. Illarsa ta biyu ita ce yana sa mutum gudu, yana so ya fanshe kuɗinsa, sai a wuni ana shiga ana fita. Ku kuma tafi da katin shaidar ɗalibai, wurare da yawa na yin rangwame.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne ku san yadda ake biyan kuɗin mota a garin tun kafin ku isa, don kowane birni da nasa. Bas ɗin Landan ya daina karɓar tsabar kuɗi tun 2014. Katin banki ake ɗorawa, kuma akwai iyakar abin da za a cire a rana, muddin da kati ɗaya aka yi ta biya. Kowace da nata katin, ba a haɗawa. A Barlin babu shinge a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa, kowa shiga yake, amma tikitin takarda sai an sa shi a na'ura ta buga masa lokaci. Wadda ta saya ba ta buga ba, idan masu bincike suka shigo, tara za ta biya kamar wadda ba ta saya ba, kuma "ni baƙuwa ce" ba ya fid da mutum. Haka abin yake a bas ɗin Rum.

Ƙarshen mako ne lokacin da ake rufe wasu layukan jirgi don gyara, musamman a Landan, saboda haka a duba tun ranar Alhamis. A san lokacin jirgin ƙarshe: a Faris daren Juma'a da Asabar yana kaiwa wajen ƙarfe biyu, sauran darare wajen ɗaya. Kada kuma taswirar jirgi ta ruɗe ku, don ba ta nuna nisa na gaskiya. A Landan, tsakanin tashar Leicester Square da ta Covent Garden bai kai mita 300 ba. Kafin ki sauka ƙasa ki jira jirgi ki hauro, mai tafiya a ƙafa ya isa tuni. Ku sauke taswirar garin a Google Maps tun kuna da intanet, ku rubuta adireshin masauki a takarda saboda ranar da caji zai ƙare. Wuraren da ake yanka tikiti da lokaci, irin su Kolosiyam a Rum ko hasumiyar Eiffel, ku yanka tun daga gida, ku zaɓi na farkon safiya.

TAMBAYA: Yaya, da mahaifiyata zan yi tafiyar, tana fama da gwiwa. Me zan kula da shi?

AMSA: Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya saka miki da alheri, ƙanwata. Ki guji jirgin ƙarƙashin ƙasa a tsofaffin birane. Na Landan tun 1863 yake, na Faris tun 1900, tashoshi da yawa matakala ce zalla, kuma canjin layi kan zama doguwar tafiya a cikin rami. Bas ya fi mata: hawa ɗaya, ga kujera, ga gari tana gani ta taga. A Barlin bas mai lamba 100 yana bi ta gaban majalisar dokoki da manyan wuraren tsakiyar gari da tikitin da kowa ke biya. Wuri ɗaya da safe, a dawo masauki ta huta bayan azahar, wuri ɗaya da yamma. Manyan gidajen tarihi da yawa suna ba da aron keken guragu a bakin ƙofa, ki tambaya ko da tana iya takawa, don tsayuwa ce ke kashe gwiwa fiye da tafiya. Kafin ki biya kuɗin otal ki rubuta musu ki tabbatar akwai lif har hawan da ɗakinku yake, ki kuma nemi taimakon keke a filin jirgi lokacin da kike yankar tikiti, aƙalla kwana biyu kafin tashi.