Canon AE-1 ɗin Baba: a gyara ko a nemi wata?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa na Garwa. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Ka ce ka ciro kyamarar fim ɗinsa, Canon AE-1, daga akwatin ƙarfe da lens 50mm a jikinta, in ka danna tana yin wani ƙiiii kamar ƙofar langa-langa, wani sa'in ta ƙi tashi sam, bakin murfin baya kuma ya yi baƙin danƙo. Kana son sanin ko ta cancanci gyara ko gara ka sayi wata.

Da farko cire kalmar "sabuwa" daga lissafinka. Canon ta daina sayar da kyamarar fim ɗinta ta ƙarshe a 2018, Nikon ta bi sahu a 2020. Akwai Pentax 17 da ta fito a 2024, amma hotonta rabin girman na sauran ne a kan fim kuma ba a cire lens ɗinta. Leica kuwa kuɗin fili ne. Duk wadda za ka saya a madadi, sa'ar taka ce. An ƙera AE-1 tsakanin 1976 da 1984, wadda mai gwanjo zai miƙo maka ita ma ta ba arba'in baya, kuma ba ka san ciwonta ba. Taka kuwa ga ta a hannu, za ka iya gano ciwonta a yamma ɗaya.

Fara da batir, domin AE-1 ba ta motsi ko kaɗan sai da shi. Mai ƙarfin volt 6 take ci, 4LR44. In babu shi a kasuwa, jera LR44 guda huɗu irin na agogo da kalkuleta, ka naɗe su da salatif, ka cike ɗan gibin da ya rage da takardar alminiyom da aka dunƙule. Buɗe murfin batirin a hankali, roba ce da ta tsufa, shi ne abin da ya fi karyewa a wannan kyamara. In ka ga farin gari ko kore a ciki, tsohon batir ne ya zube. Goge da auduga mai ɗan ruwan lemun tsami, ka bi da alkol 90 na famasi, ka bari ya bushe. Daga nan danna maɓallin gwajin batir kana leƙe ta ciki: allura ta tsaya ƙasa da alamar da ke wajen 5.6. Kyamarori da yawa da ake cewa sun mutu, a nan suke farfaɗowa.

Baƙin danƙon nan ba wani abin tsoro ba ne. Soso ne da aka liƙa don tare haske, zafi da shekaru suka narkar da shi. Zafin Maris da Afirilu a Garwa, Marwa ko Njamena yakan wuce digiri 40, balle a cikin akwatin ƙarfe ƙarƙashin rufin kwano. Sa tsinken sakace da ɗan alkol ka kankare ramukan murfin har su fita fes. A siraran ramukan sama da ƙasa cusa baƙin zaren ulu irin na saƙa, ya ma fi soso daɗewa a zafinmu. Wajen maƙalin murfin a liƙa siririn soso ko baƙin yadi mai laushi, kaurin milimita 1 zuwa 1.5. Akwai wani soson a gaba, inda madubi ke bugawa in ya tashi. Shi ma a sauya, amma kifa kyamarar yadda ɓarɓashin zai faɗo waje. Don Allah kada alkol ya taɓa gilashin da ke saman madubin, wanda ake saita hoto a kansa. Roba ce mai sirarun zane, tabo ɗaya ya zauna ke nan. Madubin ma a fuskarsa aka shafa azurfar, gogewa da bakin riga tana ƙarje shi.

Ƙarar kuwa sanannen ciwon wannan dangi ne, A-1 da AE-1 Program duk suna yi. Wasu ƙananan ƙafafu masu haƙora ne da ke rage wa madubi gudu, mansu ya bushe. Tana iya daɗewa tana aiki a haka, sai dai madubin yana ƙara nauyi har ya fara makara. Maganin ɗigo ɗaya ne na man agogo da ake kaiwa daidai wurin da sirinji mai dogon baki. Ɗigo ɗaya, ba biyu ba. Mai gyaran agogo mai natsuwa zai iya, in ya kalli hoton cikin kyamarar ya gane wurin. Wanda ya ɗauko WD-40 ko man keken ɗinki kuwa, karɓe kayanka ka yi masa sai an jima. Man nan yana malala har kan labulen da ke buɗe wa fim haske da maganaɗisun da ke sakin sa, ya jawo ƙurar hunturu ta zama taɓo. Kuma kusoshinta na Japan ne, sukudireba mai kan kuros ta kasuwa tana cinye musu kai in ba a danna sosai ba.

Ƙin tashi lokaci-lokaci shi ne inda hukuncin yake. In batir lafiyayye ne amma tana yi tana fasawa, galibi ƙaramin maganaɗisun da ke ƙarƙashin farantin gindi ne ya yi maiƙo yana maƙewa. A cire farantin, a goge fuskokinsa biyu da takarda mai alkol, shi ke nan. In an yi haka ba ta sauya ba, ko allura tana rawa ba dalili, to matsalar ta koma kan lantarkin da ke ƙarƙashin murfin sama. A nan nake ce maka ka tsaya. Canon ta daɗe da daina yin waɗannan kaya, sai dai a yanka wata AE-1 a ciro, kuma buɗe saman nan ba aikin mai gyaran rediyo ba ne, akwai siririyar waya da ke kai saitin gudu da na fim ga sashen awon haske, in ta zame sai wanda ya saba.

Saura labule. Cire lens, buɗe baya, shiga ɗaki mai duhu ka haska tocila ta gaba kana ɗage madubi a hankali da yatsa. Duba kafin ka ja hannun fim, ka sake dubawa bayan ka ja, saboda labulen biyu ne. Yadi ne mai shafin roba. Huda ɗaya ko biyu ana toshewa da baƙin fentin yadi. In ya yi kamar rariya, ko ya yamutse, kuɗin sauya shi ya fi kuɗin kyamarar. Sai ka fuskanci farin bango ka danna a gudun 1/1000 na daƙiƙa kana kallo ta baya: hasken ya cika kusurwa huɗu, in gefe ɗaya ya yi duhu labulen baya yana cimma na gaba. A daƙiƙa 1 kuma kunnenka ya isa alƙali.

Lens ɗin, wanda masu hoto na nan ke kira objektif, shi ma haska shi ta baya. 'Yar ƙura ba ta fita a hoto, kada ta dame ka. Zare-zare kamar yanar gizo-gizo fumfuna ce, ta fi kama kayan da suka kwana damina a jakar fata, musamman wajen Ngaundere ko bakin Binuwai. In sabuwa ce tana goguwa, in ta daɗe ta riga ta ci gilashin. Duba 'yan ganyayen ƙarfe na ciki, masu rage hasken da ke shiga: su kasance busassu. Ƙyalli alamar mai ne da zafi ya narko da shi, kuma shi ke sa hoton rana ya ƙone.

To ga yadda zan auna. Batir, soso, ƙara, maganaɗisu: gyara, kuɗinsu kaɗan ne kuma rabi a gida za ka yi. Lantarki ko labule: kada ka tura ta Duwala ko Kano tana yawo a hannun direbobi, nemi wani jikin kawai ka riƙe lens ɗinka, ta Baba ta zauna a matsayin abin tunawa da ma'ajiyar kayan gyara. Bakin lens ɗin irin da ake kira FD ne, ba ya hawa Canon EOS na baya-bayan nan, don haka nemi mai bakin FD. Ni dai Canon FTb ta 1971 zan zaɓa a ƙasarmu. Nauyi gare ta, amma ƙarfe da sifirin ne, batir na awon haske kaɗai take so. Nata na asali mai makuri (zaiba) ne da aka hana yi, ana maye shi da na na'urar ji mai lamba 675, ko ka auna haske da waya. In ba ka damu da lens ɗin ba, Pentax K1000 ko Nikon FM2 duk ba sa tsayawa don batir ya ƙare. Ko wacce ce, kada ka ba da sefa ɗaya sai ka yi mata gwajin tocilar nan a gaban mai ita.

Abin da ba ka tambaya ba, alhali ya fi duka: ina za ka wanke? Yawancin situdiyo sun koma dijital, tambayi tsofaffin masu hoto ko akwai mai injin da ke aiki kafin ka kashe ko dala. Fim mai kala ana wanke shi a digiri 38 daidai. Baƙi da fari, irin Ilford HP5 ko Fomapan, ana iya yi a gida a digiri 20, sai dai ruwan famfonmu sai an sa masa ƙanƙara. Wanda zai taho maka da fim ta jirgi ya riƙe shi a jakar hannu ya roƙi a duba da ido, na'urar da ke duba manyan jakunkunan da ba a riƙewa a hannu tana dusashe shi. In ya iso, firij, kuma a bar shi awa guda ko biyu a cikin robarsa kafin a buɗe.

Fim na farko na gwaji ne, kada ka kai shi biki ko suna. Ɗauki bango guda a kowane gudu kana rubutawa, ka bar kyamarar minti kaɗan a haske tsakanin wasu hotunan. In an wanke, ɗaga nagetif ɗin. Tabon da ya ƙetara har kan ramukan gefe, murfi ne ke yoyo, a koma kan zare da soso. Wanda ya tsaya cikin hoton kaɗai, labule ne.