Amsa ga ƙanenmu kan shirin saukar makaɗa

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da yamma. Ku yi haƙuri, muryar nan za ta ɗan yi tsawo, tun safe nake son in amsa sai yanzu na samu sarari.

Ƙanena, na ji tambayarka. Ka ce ka ga sanarwa wata cibiyar fasaha tana neman makaɗan da za ta sauke na wasu watanni, su yi wasa a gaban jama'a, su kuma koyar a taron bita, kuma za a haɗa masu kiɗa iri-iri daga al'adu daban-daban. Kana tambaya mene ne abin, kuma ka nema ko kada ka nema. Malam kuma, Allah ya ƙara girma, na ji abin da ka ce, cewa tsoronka kada a cusa yaro cikin baƙin kiɗa ya dawo ba tsuntsu ba tarko, nasa ya kuɓuce masa, na mutane bai kama ba. Maganarka tana da nauyi, zan zo kanta. Ni na taɓa yin irin wannan zaman na wata uku da jitata, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa.

To, da farko, abin ya bambanta da gayyatar wasa. A gayyatar wasa za ka zo, ka hau dandamali, a tafa maka, a sallame ka, washegari ka kama hanya. Shi wannan zama ne. A ba ka masauki, ɗakin gwaji, alawus, wani lokaci da wani babba da zai riƙa duba aikinka, kai kuma ka zama makaɗin gidan na wannan lokacin. Abin da suke ba ka a zahiri lokaci ne, wanda duk mai kiɗa ya san shi ne abin da ya fi ƙaranci a rayuwarmu.

Kuma tsohon abu ne. Haydn, marubucin kiɗa ɗan Ostiriya, ya shiga hidimar gidan sarautar Esterházy a 1761, ya yi kusan shekara talatin yana rubuta musu kiɗa, ga makaɗa a hannunsa kullum yana gwada abin da ya rubuta. Shi da kansa ya ce keɓewar da ya yi a can ita ta tilasta masa ƙirƙiro nasa salon. Faransa kuma tun 1803 ta fara tura matasan marubuta kiɗa da suka ci wata gasa birnin Rum su zauna su yi aiki, Berlioz ya ci wannan gasa a 1830, Debussy a 1884. Amma waɗancan zaman bauta wa mai gida ne ko zaman kaɗaici. Na yanzu ya buɗe ƙofa ga jama'ar gari. A jihar Maryland ta Amurka akwai cibiyar Strathmore, kowace shekara tana ɗaukar matasan makaɗa shida masu salo mabambanta, a haɗa su da gogaggun da za su yi musu jagora, kowa ya yi wasanninsa ya kuma gudanar da bita. Akwai OneBeat da aka fara a 2012, wanda ya riƙa tara matasa wajen ashirin da biyar daga ƙasashe da yawa na tsawon kusan wata guda, su zauna tare su ƙirƙira, sannan su fita zagaye. Akwai kuma Silkroad da Yo-Yo Ma, mai kaɗa celo (babban gogen Turawa), ya kafa a 1998, inda za ka ga mai fifa (irin molon Sin) da mai tabla ('yan ganguna biyu na Indiya) da mai kamance (irin gogen Iran) a dandamali ɗaya.

Yawwa. Yanzu abin da nake so ka riƙe, ƙanena. Idan ka karanta sanarwar, idonka kan wasan zai tsaya, fitilu da jama'a da hotuna. Ni ma haka na tafi. Amma wallahi abin da ya canja ni yana ɗakin gwaji da ɗakin bita, inda babu mai tafi.

A ranar farko an haɗa ni da wata baiwar Allah mai kaɗa ud, irin molon nan na Larabawa mai katon ciki. Muka saita kayanmu, ta fara. Tana hawa sauti na uku sai na ji abin ya karkace, kamar tsirkiyarta ta saki. Na tsaya, na ce mata cikin ladabi ta ɗan duba. Ta duba, ta sake bugawa, ya fito yadda ya fito da farko. Na sake magana. Sai ta ajiye ud ɗin a cinya, ta miƙo hannu ta karɓi jitata, ta shafa ƙarafunan nan da ke jere a wuyanta da yatsa, ta ce sautin da take nema yana tsakanin wannan ƙarfen da wancan, ni ba ni da shi. Ka gane? Jita da fiyano sun raba tsanin sauti gida goma sha biyu daidai wa daida. Wuyan ud kuwa sumul yake, babu ƙarfe ko ɗaya, yatsa yana iya tsayawa ko'ina. A tsarin da suke kira maƙam, shi wannan da ake ce wa Rast, sautinsa na uku yana faɗawa ne tsakanin maɓallan fiyano biyu. Har ta buga min shi kala uku, ta ce yadda ake ɗaga shi a Turkiyya daban, a Siriya daban, a Masar daban. Ni a lokacin duka ukun kuskure kunnena yake ji.

Sai da na yi wajen mako uku ina ture tsirkiya da yatsa sama kaɗan-kaɗan ina farautar wannan sautin, har fatar yatsana ta tsage. Wata rana da dare ina kaɗawa ni kaɗai sai na ji ya zauna. Ba zan iya kwatanta muku ba. Abin da shekara da shekaru nake kira karkatacce, ashe yana da gida, yana da daɗinsa, kuma akwai baƙin cikin da shi kaɗai yake iya faɗa. Da wasan dare ɗaya aka gayyace mu, da na koma gida ina cewa na haɗu da wata da ba ta iya saiti ba.

Haka mai tabla da yake cikinmu. A bitarsa ya koyar da wani zagayen bugu mai suna rupak, bugu bakwai, uku da biyu da biyu. Abin mamakinsa, a bugun farko ba a tafawa, juya tafin hannu ake yi sama a bar shi fanko, sai a tafa a na huɗu da na shida. Mu makaɗa da muke wurin duk mun rikice, domin jikinmu ya saba da huɗu da takwas, kullum sai mu ƙara bugu ɗaya don mu cike gurbin. Wata tsohuwa da ta zo da jikanta, ba su taɓa riƙe kayan kiɗa ba, su suka fara kamawa. Tana zaune a kujerar gaba, jakarta a ƙafa, tana juya hannu tana tafi tana murmushi, yaron yana ƙirgawa da ƙarfi. Mai tablan ya bar mu, ya juya yana kaɗa musu su biyu.

To Malam, ga inda nake son in amsa maka, da izininka. Da ranar tawa bitar ta zo, wani yaro da bai wuce shekara goma ba ya ɗaga hannu ya ce me ya sa babban yatsana yake riga sauran sauka kaɗan. Na buɗe baki ban da amsa. Abin da na ɗauka daga malamina ne tun ina ƙarami, ban taɓa tambayar dalili ba. A daren nan na zauna na riƙa kaɗawa a hankali ina kallon hannuna, har na gano wannan 'yar rigayyar ita ce take ba kiɗanmu tafiyarsa, idan ka cire ta komai ya miƙe ya mutu. Baƙo ne yake tambayar abin da ɗan gida ya daina gani. Ni dai na dawo na fi sanin nawa, kuma na fi kishinsa. A jami'ar Wesleyan ta Amurka, Abraham Adzenyah na Gana ya koyar da kiɗan gangunan ƙasarsa tun 1969 har ya yi ritaya a 2016, shekara sama da arba'in a tsakiyar masu gamelan (kiɗan ƙarafa da ganguna) na Indunusiya da masu kiɗan kudancin Indiya, kuma da kiɗan Gana aka san shi har ya ajiye aiki.

Amma tsoronka yana da tushe, na ga wurin da yake tabbata. A ƙarshen zamanmu wani daga cikin masu shiryawa ya matsa sai duk mun hau dandamali tare a daren rufewa, da gwaji biyu kacal. Don abin ya yiwu cikin gaggawa, aka ce kowa ya bi saitin fiyano, kowa ya bi bugu huɗu. Mai ud ta haƙura da sautukanta na tsakani, mai tabla ya haƙura da bakwai ɗinsa. Jama'a sun tashi tsaye suna tafi, ni kuwa ina kallon fuskarta, na san an yanke mata harshe. Abin ya yi min ciwo har yau. Idan za a haɗa al'adu cikin gaggawa, kullum mai ƙarfi ne yake haɗiye sauran, kuma mai ƙarfin shi ne wanda ya fi sauƙin rubutawa a takarda. Debussy ya ji gamelan na tsibirin Jawa a baje kolin birnin Faris na Faransa a 1889, amma sai 1903 ya fitar da kiɗan fiyanon da aka fi jin wannan tasirin a cikinsa. Shekara goma sha huɗu abin yana dahuwa a kunnensa.

Saboda haka ƙanena, ka nema, amma ka yi tambayoyi kafin ka sa hannu. Ka tambayi kwana nawa aka ware wa gwaji, idan wasanni sun fi kwanakin gwaji yawa to aiki kawai suke so su ci da kai. Ka tambaya ko kana da wasa naka kai kaɗai da za ka yi kiɗanka tsantsa kafin na haɗin gwiwa. Sannan ka karanta yarjejeniyar da kyau wajen naɗar sauti da bidiyo, wa ke da haƙƙin mallaka, kuma za su iya sayarwa ko a'a, musamman idan a ciki akwai waƙar da ka gada wadda ba kai ka ƙirƙira ba. Kuɗin jirgi, biza, inshorar kayan kiɗanka, duk a rubuce, kada ka yarda da maganar baki.

Wajen cike fom kuma kada ka tura abin da kake zaton suna son ji. Masu tantancewa sun gaji da masu kwaikwayo. Ka tura abin da hannunka ya fi zama a kai, ko da waya ka naɗa, in dai ɗakin shiru ne. Wurin da suka ce ka bayyana bitar da za ka yi, kada ka rubuta za ka koyar da tarihin kiɗanka gaba ɗaya, ba zai yiwu a awa ɗaya da rabi ba. Ka zaɓi abu ɗaya ƙarami, bugu ɗaya ko amshi ɗaya, wanda mutumin da bai taɓa kiɗa ba zai fita yana yinsa da hannunsa ko bakinsa. Ka fara gwada shi a kan mutum biyu ko uku da ba makaɗa ba, ka ga inda suke tuntuɓe.

Ka turo min waƙoƙi biyun da kake son haɗawa da fom ɗin ta akwatina kafin Alhamis, da abin da ka rubuta kan bitar, mu duba tare. Malam, in ka samu hali kai ma ka saurara, kunnenka ya fi nawa. Na gode, a huta lafiya.