Launin lambobin layi a Vim: gyaran da ba ya gudu

Ƙanena na Tawa, ka ce lambobin layi a Vim, manhajar nan ta gyara rubutu, sun fito rawaya mai kashe ido, kuma in ka sauya launin, da zarar ka sake buɗewa sai ya dawo. Rawayar nan ita ce launin asali a baƙin allo; a farin allo ruwan ƙasa ne.

Sunan da Vim ke kiran launin lambobin layi shi ne LineNr. Fara gwadawa da :highlight LineNr ctermfg=244. Lambar 244 toka-toka ce cikin launuka 256 na terminal, wato tagar da ake rubuta umarni. In kana amfani da gVim (Vim mai tagar kansa), ko ka kunna termguicolors (saitin cikakkun launuka), ctermfg ba ya aiki, sai guifg=#808080.

Amma ainihin damuwarka wajen jeri take. Umarnin colorscheme, mai sa jigon launuka, yana share launukan da ke gabansa kafin ya shimfiɗa nasa, kamar mai fenti da ya bi bango kaf. Don haka a ~/.vimrc, fayil ɗin saitin Vim, layin highlight ya zo ƙasan colorscheme, ba samansa ba. Ni dai na fi son autocmd ColorScheme * highlight LineNr ctermfg=244, wanda ke sake sa launin duk lokacin da aka ɗora jigo, a rubuta shi sama da colorscheme; ko ka canza jigo sau goma, launin na nan daram.

Lambar layin da kake kai kuwa CursorLineNr ce, tana fitowa in ka sa set cursorline. Ita ka bar ta da haske.

Kada ka zurfafa duhun tokar. Da tsakar rana a Tawa, ga hasken taga, ga an rage hasken allo don tattalin batir in wuta ta ɗauke, toka mai duhu irin 238 ɓacewa take yi. Tsaya tsakanin 244 da 248.