Na gama Downton Abbey, akwai wani irinsa da zan kalla?

Malam ka nemi Upstairs, Downstairs, shi ne yayansa ai. Tashar talabijin ta ITV a Birtaniya ta nuna shi daga 1971 zuwa 1975, kashi 68 ne, labarin gidan Bellamy a lamba 165 Eaton Place cikin Landan, tun daga 1903 har 1930. Masu gida na sama suna shan shayi, barori na can ƙasa wajen kicin, ƙararrawa na bugawa sai ka ga an zabura.

Ni dai Hudson ne gwanina, shugaban barorin gidan, mutumin nan ya fi masu gidan kansu riƙo da girman gidan wallahi, yarinya ta ɗan ɗaga murya ya harare ta sai ta nutsu, ga kuma Mrs Bridges mai girki kullum cikin mita take amma zuciyarta fes. Uwargidan Lady Marjorie a jirgin Titanic ta rasu, ka yafe min na ɗan tona maka.

Sai dai kar ka sa ran ƙyale-ƙyale irin na Downton, yawancinsa cikin situdiyo aka ɗauka, wasu kashin farko ma baƙi da fari ne saboda rigimar ma'aikata a lokacin. Ka fara da wannan kafin ci gabansa da BBC ta yi a 2010.